An sake haɗa injin 13B, an sa sabuwar ƙwaƙwalwa, ya ƙi tashi

Tambaya: Injiniya, barka da aiki. Na sake haɗa injin 13B na Mazda RX-7 samfurin FC, injin da ke aiki da rota maimakon fistin, na cire ƙwaƙwalwar kamfani, wato kwamfutar da ke sarrafa injin, na sa ta Haltech, na loda taswirar saitin mai da wuta da na samo a intanet. Kik yana juyawa amma injin ya ƙi tashi, sai dai wani lokaci ya yi "fau" ta salansa. Fulogai jage-jage da fetur. Wani makanike ya ce in riƙa canja lambar kusurwar sansan da ke karanta juyin injin har sai ya kama. Ni dai fargabata kada sababbin sil ɗin rota sun riga sun tafi.

Amsa: Malam, kwantar da hankalinka. Sil ɗin ƙoƙuwar rota ba ya karyewa don an yi ta buga kik. Abin da ya fi yiwuwa shi ne fetur ya wanke man da ke jikin bangon injin, matsi ya sauka. Dama injin da aka haɗa sabo matsinsa bai cika ba sai sil sun zauna. Abin da zai iya karya maka su shi ne shawarar da makaniken nan ya ba ka.

Wannan magana ta "juya lamba har ya kama" kullum sai na ji ta, kuma ta ishe ni. Mutane sun ɗauka in lafto ya nuna digiri 5, to a digiri 5 wuta take tashi. Ina! Lambar nan abin da ƙwaƙwalwa take zato ne kawai. Ba ta ganin sandar injin, haƙoran sansa take ƙirgawa, kuma kai ne za ka gaya mata inda haƙori na farko yake. A FC sansan yana da haƙora 24 da wasu 2, kuma zura shi ake yi kamar distiribita. Duk wanda ya kwance inji ya cire shi ya mayar. Haƙori ɗaya na giya ya goce, duk taswirarka ta zama ƙarya. Wanda ya ɗora taswirar a intanet a injinsa ya saita ta, bai taɓa ganin naka ba. Wasu ma taswirar FD, samfurin RX-7 da ya biyo bayan FC, suke lodawa, alhali shi haƙora 12 da 1 gare shi a jikin fulin gaban injin, RX-8 kuwa tsarinsa daban ne gaba ɗaya.

Haɗarin shi ne injin rota yakan tashi ko da taimin ya goce sosai. Sai mai shi ya yi murna, ya rufe bonet, ya hau titi ya taka. Turbo na fara turo iska, wutar da ta yi gaggawa ta haifar da ƙwanƙwasa, shi ke nan. Injin fistin yakan ɗan jure har ka ji ƙarar ka ɗaga ƙafa. Sil ɗin rota siririn ƙarfe ne, milimita 2 a yawancin 13B na bayan 1986, ƙwanƙwasa kaɗan ta isa ta ɓalle shi, gutsuren ya karce bango ya wuce ya ci fankar turbo. Sannan wanda ya ce a juya lamba ya koma gefe yana cewa ai dama injin rota ba ya ƙarko. Ganganci ne da dukiyar mutane, ba gwaninta ba.

Ga yadda za ka yi. Kashe injektoci daga lafto, ka cire fiyus ɗin famfon mai. Kwance fulogai, ka cire soket ɗin kwayil, ka juya injin ya fesar da fetur ɗin da ya taru, za ka ga hazo na fita ta ramukan. Ka kasa kunne: kowace rota "fuf" uku take yi daidai wa daida. In ukun sun fito da ƙarfi ɗaya, sil ɗinka suna nan. Zuba ɗan man inji, kamar cokalin shayi, ta ramin fulogin ƙasa na kowace rota, ka juya, ka sa busassun fulogai.

Yanzu dubi allo yayin buga kik. Dole gudun inji ya tsaya wuri guda, wajen 250 a minti, ba ya tsalle daga sifili zuwa dubu ba. In yana tsalle, ko dai wayoyin sansa biyu sun juye, ko ma'aunin da ƙwaƙwalwa ke jira kafin ta karɓi sigina ya yi sama. Duba batir ma, in wuta ta faɗi har ƙwaƙwalwa tana mutuwa tana dawowa, aikin banza kake yi.

Sai fitilar taimin: mayar da soket ɗin kwayil, amma har yanzu babu fetur. Kulle lokacin tashin wuta daga lafto: fulogin ƙasa a digiri 5 bayan ƙololuwar matsi, na sama a 20. Fulin FC yana da alama ruwan ɗorawa ta 5, da ja ta 20. A nan ne ake faɗawa rami. Fulogan ƙasa biyu tare suke tashi a tsarin kamfani, saboda haka fitila a kansu za ta nuna maka alama ko da ka juye da digiri 180. Maƙala ta a wayar fulogin sama na rota ta gaba. In jar alamar ba ta zo kan allurar da ke nuni kan fuli ba, ko kusurwarka ba daidai ba ce, ko ka musanya kwayil na sama biyu. Gyara lambar har alamar ta tsaya cak.

Bayan nan ne maganar mai. Tabbatar girman injektocin da ka shigar a lafto shi ne na waɗanda ke jikin injin, cewa rukunin injektoci na farko kaɗai ke feshi lokacin kik, kuma sansan zafin ruwa ba ya nuna sanyin ƙarya. Fara da mai kaɗan, ka ƙara a hankali. In ya kama zai yi hayaƙi sosai saboda man da aka shafa lokacin haɗa injin, kada ka kashe shi sai ya yi zafi, idonka na kan ma'aunin matsin mai. Kafin ka fita da motar, sake haska fitilar a gudu 3,000 ka ga ko alamar tana gocewa.