Ɗana na son tseren kat: wane inji zan saya, a ina zan ga dokokinsa?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ɗana shekararsa tara. Tun ranar da na kai shi filin da ake hayar ƙananan motocin nan na kat, ba shi da zance sai tsere. Ina so ya fara shiga gasa ta gaske, amma da na duba intanet sai kaina ya ɗaure: Rotax, IAME, LO206, Micro, Mini, kowa da abin da yake yabo. Ga shi wani yana sayar da tsohuwar kat da injinta. In saya? Kuma a ina ake samun dokokin ajin kowane inji?

Amsa: Wa'alaikumus salam. Allah Ya raya yaron. Malam, dakata da sayen nan tukuna, ko da motar ta burge ka. A harkar kat, filin da yaro zai riƙa tsere shi ke zaɓa maka inji. Ana raba masu tsere aji-aji ne, bisa shekarunsu da irin injinsu. Ka je filin gasa mafi kusa da kai ranar da ake tsere, ka tsaya a bakin shinge ka ƙirga. Ajin da ka ga yara sa'annin ɗanka goma sha biyar sun jeru a layin tashi, shi ne ajinku. Ajin da ka ga motoci uku, ka bar shi komai kyawun injinsa, domin yaro ba ya koyon wuce abokin hamayya ko tsare layinsa idan shi kaɗai yake zagaye. Ban da haka, inda jama'a suka fi yawa nan ake samun kayan gyara, da bakaniken da ya san injin, da uban da zai ara maka fulogi idan naka ya mutu ana saura minti goma a tashi.

Sunayen da suka rikita ka ba su da wuya idan ka raba su gida biyu. Akwai inji mai bugu huɗu, ɗan'uwan na janareta, wanda baƙin mansa yake a wurinsa daban. Fitacce a nan shi ne LO206 na kamfanin Briggs & Stratton na Amurka: girmansa cc 204, ana rufe cikinsa da hatimi tun daga masana'anta, kuma an ƙayyade masa juyi 6,100 a minti ɗaya. Don a rage wa yara ƙarfi, ana sauya wani ɗan ƙarfe a cikin kafireta wanda ke taƙaita iskar da ke shiga, kowane aji da launin nasa. A Ingila kuwa injin Honda ya daɗe yana yin wannan aiki a ajin yara. Irin wannan inji ba ya laulayi, yana daɗewa ba a buɗe shi ba, kuma idan akwai ajinsa a filinku, da shi nake so sabon shiga ya fara. Saboda ƙarfinsa kaɗan ne, yaron da ya taka birki fiye da kima a kwana zai ga an wuce shi nan take, ya koyi laushin hannu tun da wuri.

Gida na biyu shi ne mai bugu biyu, wanda ake gauraya masa fetur da mai. Ya fi zafi, ya fi son kulawa. Rotax na ƙasar Ostiriya ya fito da injinsa na 125 MAX a 1997, kuma matakalarsa ta fara daga Micro zuwa Mini, Junior, sannan Senior. Tushen injin ɗaya ne, ana shaƙe shi ne ga ƙanana ta salansa da kafireta, shi ya sa yaro kan iya hawa mataki na gaba da sauyin wasu sassa kawai. IAME na Italiya yana da Swift mai cc 60 na yara da X30 mai cc 125 na manya, Vortex kuma, shi ma na Italiya, yana da jerin ROK. Can sama akwai ajin OK-Junior na hukumar kat ta duniya, wanda aka fara a 2016 don 'yan shekara 12 zuwa 14, injinsa na kaiwa juyi 14,000 a minti ɗaya. Wannan ba na yanzu ba ne, na ambata ne don ka san inda hanyar ta dosa. Ɗan shekara tara yawanci yana faɗawa ne a Micro ko ajin da ake kira Cadet.

To, dokoki. A nan ne iyaye suka fi shan wahala, saboda suna neman littafi guda, alhali dokokin hawa-hawa ne. A saman duka akwai hukumar kat ta duniya da aka kafa a 1962, wadda ke ƙarƙashin FIA, babbar hukumar wasan motoci ta duniya, kuma duk shekara tana sa ƙa'idojinta a shafinta kyauta. Ƙarƙashinta akwai hukumar wasan motoci ta kowace ƙasa, kamar Motorsport UK a Birtaniya ko FFSA a Faransa, ita ke ba da lasisi, ita ke tsara shekarun shiga kowane aji a ƙasarta. Amurka ta sha bamban: ƙungiyoyi irin su WKA da IKF da SKUSA kowace da littafinta. Sai hawa na uku, na kamfanin injin kansa. Briggs & Stratton da Rotax da IAME duk suna wallafa takardar da ta fayyace kowane sashe, da zane da awo har zuwa ƙasa da milimita, da abin da aka yarda a taɓa da wanda aka hana. Na huɗu, wanda ya fi shafar ka ranar tsere, shi ne ƙarin ƙa'idojin kulob ɗin da ke shirya gasar. A ciki ne za ka ga irin tayar da aka wajabta, da irin mai, da mafi ƙarancin nauyi, da littafin da kulob ɗin ya ce shi yake bi.

Saboda haka daga ƙasa za ka fara karatu. Nemi takardar kulob daga sakatarensa ko shafinsa, ita za ta nuna maka sauran. Ka duba shekarar da ke kan kowace takarda, don tsofaffin kwafi sun cika intanet, kuma abin da aka halatta bara ana iya haramta shi bana. Inda takardu biyu suka saɓa, kada ka yanke hukunci da kanka, kuma kada ka dogara da abin da wani uba ya ce a rumfar gyara, komai kyakkyawar niyyarsa. Je wurin jami'in da ke binciken motoci bayan tsere ka tambaye shi. Bincikensa ne zai sa a kori ɗanka daga sakamako idan an samu kuskure, kuma yawancinsu sun fi son a tambaye su kafin a yi ɓarna.

Abu biyu nake so ka karanta da natsuwa. Na farko shekaru: gasa da yawa suna ƙirga shekarar da yaro zai cika adadin ne, ba ranar haihuwarsa ba. Na biyu nauyi. Ana auna mota da direba tare, da hularsa da rigarsa, bayan an gama tsere, lokacin da fetur ya ragu. Yaro mara nauyi ana ɗaura masa dalma a jikin kujera da noti. Wanda ya auna da safe da cikakken tanki ya ga ya yi daidai cif, da yamma zai iya gazawa da rabin kilo a soke masa nasararsa. Yana da ciwo ganin yaro ya yi iya ƙoƙarinsa ya rasa matsayinsa a kan sikeli saboda lissafin babansa, don haka a riƙa barin rara.

Kayan kariya kuwa ba wurin tsimi ba ne. Kat ba ta da abin da ke tare girgiza, ba ta da bel, kujerarta tauri gare ta, haƙarƙarin yaro ne ke shan kowace kwana. Sai da rigar kare haƙarƙari. Hular kwano ta zama ta yara mai shaidar Snell-FIA CMR, wadda aka yi ta ba nauyi saboda wuyansu bai ƙosa ba. Hular babur ba ta wadatar. Rigar tseren kat don gogar kwalta aka ɗinka ta, ba ɗaya take da ta tseren manyan motoci ba. Dogon gashi, gyale ko igiyar takalmi, duk a killace su, domin sarƙa da sandar ƙafafun baya a buɗe suke, kuma ba sa sakin abin da suka kama.

Kada kuma ka ji kamar an bar ku a baya. Lewis Hamilton yana da shekara takwas ya fara, a 1993. Ku yi 'yan watanni kuna zuwa atisaye kafin gasar farko, yaron ya san ma'anar tutoci, ya saba da tsayawa a layinsa idan masu sauri za su wuce shi.

Mu koma kan tsohuwar motar da aka yi maka tayi. Tambayi mai ita a wane aji ta yi tsere, kuma yaushe. Auna tazarar da ke tsakanin ƙafar gaba da ta baya: a firam ɗin yara, wato ƙarfen gangar jikin motar, a yawancin gasa milimita 950 ne, na manya ya haura 1,000, kuma ɗan shekara tara ba zai iya da shi ba. Kifa ta ka dubi bututun ƙasa. Idan kwalta ta cinye su sun yi faifai, firam ɗin ya gaji. Idan injin mai hatimi ne, ka ga hatimin da idonka bai tsinke ba, in kuma Rotax ne ka karɓi katin injin ka gwada lambar da ke kansa da ta jikin hatimin. Sannan ka roƙi mai ita ya kawo ta filin ranar atisaye, jami'in bincike ya duba ta a gabanku, yaron ya zauna ka ga ko ƙafarsa na kai wa ga birki ba tare da ya zame daga kujera ba.