Wannan craps ɗin caca ce, ba abin da kuke zato ba

Salamu alaikum jama'a, ku yi haƙuri da ƙarar janareto. Ƙanena, na ji tambayarka, wai ka ga an rubuta craps a wani shiri kana tunanin zagi ne, ko kashi ake nufi. A'a. Kalma biyu ce ka haɗa wuri ɗaya, craps da crap, kuma ba dangin juna ba ne.

Craps caca ce ta ƙwayar ludo guda biyu. Ka wurga, in ta ba ka 7 ko 11 a jifan farko ka ci, in ta ba ka 2 ko 3 ko 12 ka faɗi, to waɗannan ukun su ake kira craps. Asalinta wata tsohuwar caca ce ta Ingila mai suna hazard. A can, in mutum ya jefa ɗaya da ɗaya, mafi ƙanƙanta kenan, sai su ce ya yi crabs, wato ƙaguwa, irin ta bakin ruwa. Da wasan ya ƙetara Amurka, birnin New Orleans, wajen farkon shekarun 1800, bakin masu jin Faransanci ya lanƙwasa ta, b ta koma p. Wani ɗan masu kuɗi, Bernard de Marigny, shi ake jingina wa kawo ta, har titi ya sa wa sunan wasan a unguwar da ya yanka filaye. Wasu kuma sun ce daga crapaud ne, kwaɗo da Faransanci, saboda yadda 'yan caca ke tsugunnawa a gefen titi. Labarin ya yi daɗi, amma ni ƙaguwar na fi yarda da ita.

Ita kuma crap mara s a ƙarshe, tun tsohon Turanci tana nufin ƙaiƙayi, dusa, ragowar da ake zubarwa. Daga nan ta koma shara, ta koma kashi, ta koma maganar banza.

Nan ne fa nake da tsohon haushi. Muna makaranta wani abokina ya rantse mini cewa daga sunan Thomas Crapper aka samo ta, mai aikin famfo da masai a Landan. Ya tara mini mutane a ɗakin kwana ana ta yi mini dariya, har da cewa ban iya Turanci ba. To a 1836 aka haifi mutumin nan, kuma a 1846 an riga an rubuta kalmar da ma'anar bayan gida. Yaro ɗan shekara 10 ne zai ba harshe kalma? Sunansa ne kawai ya dace da sana'arsa. Har yau in mun haɗu sai ya... to, a bar wannan.

Af, na ce ba dangin juna ba ne, amma a bakin Amurkawa sun cakuɗe. In sun ce crapshoot, abu ne na sa'a, ko a samu ko a rasa, wannan daga cacar ne. In mota ta mutu a hanya su ce ta yi crap out, shi ma daga faɗuwar jifa. Amma kai dai kar ka je ofis ka ce wa oganka aikinsa crap ne kana tunanin ludo kake nufi.