Tambaya da Amsa: Shin Kare Kaɗai Zai Iya Tsare Gida daga Ɓarayi?

Tambaya: Assalamu alaikum. An fasa gidan maƙwabtanmu cikin dare, maigidana kuma matafiyi ne. Ya ce zai kawo babban kare mai faɗa, ni kuwa ina tsoro saboda yaranmu ƙanana ne. Shin kare zai wadatar da mu?

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah Ya ƙara tsarewa. Tsoronki yana kan hanya, domin amfanin kare a gida yana cikin haushinsa fiye da haƙoransa. Kunnensa yana kama sautin da ya wuce abin da kunnen mutum ke iya ji nesa ba kusa ba, saboda haka yakan ji takun mai laɓe a bayan katanga tun mutanen gida suna barci. Ɓarawo kuwa babu abin da yake gudu kamar hayaniya da ɓata lokaci, shi ya sa matsakaicin kare mai saurin farkawa yakan yi aikin da ake nema, ba sai an kawo Rottweiler ko Boerboel ba. Waɗannan manyan karnuka suna buƙatar ƙwararren mai horarwa, kuma a ganina bai dace a fara kiwo da su a gidan da yara ke rarrafe ba.

Idan kun yanke shawarar ajiye shi, ku ɗauko shi yana kwikwiyo domin ya tashi ya san 'yan gida, kada kuma a bar shi da ƙaramin yaro babu babba a wurin. Kada a ɗaure shi da sarƙa dare da rana da nufin ya yi zafi, domin karen da aka ƙuntata yakan huce a kan wanda ya fi kusa da shi, wanda sau da yawa yaron gidan ne. Likitan dabbobi ya yi masa allurar rigakafin ciwon hauka tun yana wata 3, a riƙa sabunta ta kamar yadda ya tsara. Wannan ba abin sakaci ba ne: Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cutar tana kashe mutum kusan 59,000 a shekara, kuma karnuka ne ke jawo har kashi 99 cikin 100 na kamuwar mutane.

Sai dai kare yana da rauninsa. Ɓarayi sukan jefo nama mai guba ta saman katanga, don haka a koya masa kada ya ci komai sai a kwanonsa, makwancinsa kuma ya kasance kusa da ɗakuna, nesa da bakin titi. Idan wata rana kika ga ya yi lamo, yana dalalar da miyau ba gaira ba dalili, a kai shi wurin likita, a kuma ƙara sa ido a wannan daren.

Kafin kare ma, a duba ƙofa. Kwaɗo mai nauyi ba ya hana komai idan marfin ƙofar da katakon da ke riƙe da shi sun rube, kuma ƙofar baya, wadda aka fi mantawa da ita, tana buƙatar sakata sama da ƙasa. A sa ƙarafuna a tagogi, amma a bar ɗaya mai buɗuwa daga ciki saboda gobara. A kawar da tsani da duro daga jikin katanga, a sare reshen da ya leƙo ta samanta, a kafa fitila mai kunna kanta idan ta ji motsi. Kyamara tana taimakawa wajen gane mai laifi, amma ba ta tare shi.

Ku yi musayar lambobin waya da maƙwabta, ki kuma ja kunnen yara da masu aiki kada su riƙa faɗin ranar da maigida ya yi tafiya. Idan kuma har aka shigo, kada ki fita fuskantar kowa. Ki tattara yara ɗaki ɗaya, ki kulle, ki kira 'yan sanda da maƙwabta.