Zan iya tafiya Birtaniya da kyanwoyina biyu?

'Yar'uwa, barka da samun aikin jinya. Za ki iya tafiya da su, sai dai takardunsu na iya cin lokaci fiye da bizarki.

Dabbar da za ta shiga Birtaniya daga Najeriya sai likitan dabbobi ya fara dasa mata 'yar na'urar shaida ƙarƙashin fata, sannan ya yi mata allurar rigakafin ciwon haukan kare. Idan allura ta riga na'urar, ba za a karɓa ba, sai an sake. Bayan kwana 30 da yin allurar a ɗebi jini a aika ɗakin gwajin da hukumomin Birtaniya suka amince da shi, sannan ki jira wata 3 daga ranar ɗibar jinin. Wanda ya karya tsarin, ana iya killace dabbarsa har wata 4, kuma daga aljihunsa.

Ba za su zauna kusa da ke a jirgi ba, cikin keji za a yi lodinsu a sashen kaya.

Ni abin da ya fi damuna gida ne. Masu bayar da haya da yawa ba sa son dabba, ki tambaya kafin ki biya kuɗin kama ɗaki.