Hukuncin Shan Tabar Kuba Mai Kauri da Sayar da Ita

Tambaya: Malam, abokin kasuwancina ya kawo mini tsarabar kwalin tabar nan mai kauri ta ƙasar Kuba, ya ce ba irin sigari ba ce, domin ganye ce zalla, kuma ba a zuƙar hayaƙinta zuwa huhu. Ya halatta in sha, ko in sayar?

Amsa: Da sunan Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Abokinka ya yi gaskiya wajen siffanta ta. Ganye ne hawa uku: dogayen ganyayen ciki da ake dunƙulewa, sai wani mai ƙwari da yake ɗaure su, sannan lallausan ganyen waje marar tabo, wanda manoman Kuba suke renonsa a ƙarƙashin rumfar yadi don kada rana ta kaurara shi. Bayan an shanya ganyen, ana jibge shi ya yi gumi na makonni, a naɗe da hannu, a liƙe kan da ɗan ƙaro. Sai dai shari'a ba ta rataya hukuncin sigari a kan takardar da ake naɗe ta da ita ba, balle rashin takardar ya canza shi.

Lokacin da taba ta shigo ƙasashen Musulmi malamai sun yi saɓani, har a cikin Malikiyya: Shehu Ahmad Baba na Tumbuktu, wanda ya rasu a 1627, da Aliyu al-Ajhuri sun halatta ta, Ibrahim al-Laƙƙani kuwa ya hana. Waɗanda suka halatta sun dogara ne da cewa ba ta bugarwa kuma cutarwarta ba ta tabbata ba. A yau ta tabbata, kuma Manzon Allah (SAW) ya ce babu cuta babu cutarwa, kamar yadda ya zo a Muwaɗɗa, Allah kuma Ya hana mu jefa kanmu cikin halaka a aya ta 195 ta Suratul Baƙara.

Batun rashin zuƙa kuwa hujja ce mai rauni ƙwarai, domin sinadarin nikotin na wannan taba yana ratsa fatar cikin baki ya shiga jini ko da hayaƙin bai kai huhu ba, likitoci kuma sun tabbatar tana jawo kansar baki da maƙogwaro. Babba guda ɗaya tana iya ɗauke da tabar da ta kai ta kwalin sigari sukutum, ga tsadar da ta sa ta cikin almubazzaranci. Wasu kamfanoni ma suna ƙamsasa tasu da giya.

Abin da na rinjayar shi ne shanta haramun ne. Sayarwa da kyautarwa suna bin wannan hukunci, saboda taimako ne a kan saɓo. Ka gode wa abokinka bisa niyyarsa, ka yi masa bayani cikin ladabi, sannan ka lalata kwalin, kada ka mayar masa ya sha.

Wallahu a'alamu.