Yadda gundumar Lancaster ta hana gari cinye gona

Tambaya: Assalamu alaikum. Ƙanina yana zaune a jihar Pennsylvania ta Amurka, kuma ya sha ba ni labarin wata gunduma da ake kira Lancaster, inda ya ce gonaki suna nan daram har bakin gari, alhali jama'a ƙaruwa suke yi kuma fili yana da tsada. Ni ma'aikaci ne a sashen filaye na wata ƙaramar hukuma, kullum ina ganin yadda ake yanka gonakin bakin gari ana sayarwa fuloti-fuloti. Shin gwamnati ce ta ƙwace gonakin can ta hana gini, ko kuwa saye ta yi? Sannan hana gini ba hana ci gaba ba ne?

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, ƙaninka ya faɗa maka gaskiya, sai dai gwamnati ba ta ƙwace gonar kowa ba, ba ta kuma sayi gonakin ba. Gonakin suna hannun masu su, suna nomawa, suna sayarwa, suna barin wa 'ya'yansu gado. Ginin ma ba hana shi aka yi ba, wuri aka ware masa, kuma a ganina wannan shi ne ginshiƙin al'amarin gaba ɗaya.

Lancaster tana yamma da birnin Philadelphia, faɗinta ya kai kimanin eka 600,000, kuma ƙidayar 2020 ta nuna mutanenta sun haura 550,000. Ƙasarta tana cikin mafi albarka a Amurka a jerin wuraren da ake noma da ruwan sama ba tare da ban ruwa ba. Gonakinta ƙanana ne idan aka gwada da na yammacin ƙasar, yawancinsu na iyali ne masu kiwon shanun madara da kaji da noman masara. A nan ne kuma al'ummar Amish suke da babban mazauninsu, mutanen da har yau suke huɗa da dawaki da alfadarai, suke tafiya a keken doki. Matsalar ita ce ƙasar da ta fi daɗin noma, shimfiɗaɗɗiya wadda ruwa ba ya kwanciya a kanta, ita ce kuma ta fi sauƙin gini. Saboda haka manomi da mai gina rukunin gidaje ƙasa ɗaya suke nema, kuma idan aka bar su da kasuwa kawai, mai gini ne zai yi rinjaye a kowane ciniki.

Abin da masu tsara ƙasa suka fara ganewa shi ne noma ba ya mutuwa a ranar da aka sayar da gona ta ƙarshe, tun kafin nan yake mutuwa. A ce an gina gidaje goma a tsakiyar gonaki. Sababbin maƙwabta za su fara ƙorafin warin taki da ƙarar tarakta da asuba, karnukansu su shiga cikin dabbobi, motocinsu su cika hanyar da manomi yake bi da kayan aiki. Manomin da ke gefe, da ya ga abin da aka biya maƙwabcinsa, sai zuciyarsa ta fara raya masa cewa shi ma bai fi shekara biyar zai ƙara ba. Daga nan ba zai gyara rufin garken shanunsa ba, ba zai sayi sabon inji ba, ba zai ƙarfafa wa ɗansa gwiwar zama a gona ba. Idan irinsu suka yi yawa, mai sayar da abincin dabbobi ya rufe shago, likitan dabbobi ya ƙaura, motar ɗaukar madara ta daina zuwa, to wanda ya so ci gaba da noman ma ba zai iya ba. Shi ya sa ba a neman tsirar da gona ɗaya nan ɗaya can. Abin da ake nema shi ne manyan yankuna na gonaki masu manne da juna.

Mataki na farko doka ce ta kasa ƙasa shiyya-shiyya. A Pennsylvania wannan iko ba ya hannun gunduma, yana hannun ƙananan hukumomin da ke cikinta, kuma a Lancaster su 60 ne. Gunduma tana iya zana tsari ta ba da shawara, amma ba ta iya tilasta wa kowa, don haka sai da aka bi su ɗaya bayan ɗaya ana lallashi. Da yawansu sun amince da shiyyar noma, inda ƙa'idar da aka fi amfani da ita take cewa a kowace eka 25 fuloti ɗaya kawai za a iya cirewa, shi ma ƙarami, wasu ma suka mai da shi ɗaya a eka 50. Mai gona eka 100 ke nan yana iya cire fuloti huɗu, ya ba ɗansa ya gina ko ya sayar idan buƙata ta taso, sauran kuma ta zauna gona. Ka lura da hikimar ƙayyade girman fulotin. Da an ce kowane gida sai ya zauna a kan eka 25, da masu kuɗi sun saye gonar sun raba ta gida huɗu, kowa ya shuka ciyawar ado, noma ya tafi duk da haka.

Amma dokar shiyya tana da rauni, domin majalisar da ta kafa ta tana iya sauya ta bayan zaɓe ɗaya. Wannan ne ya kawo mataki na biyu, wanda nake jin shi ne ƙaninka ya ji labarinsa, wato sayen haƙƙin gini. A dokarsu ana iya raba haƙƙoƙin mai ƙasa, a sayi ɗaya a bar masa sauran. Ana kawo mai ƙiyasi ya faɗi abin da gonar za ta yi idan mai gini ne zai saya, ya kuma faɗi abin da za ta yi idan manomi ne zai saya don noma. Bambancin da ke tsakani shi ne darajar haƙƙin gini, kuma a kansa ake ciniki. Idan an daidaita, a biya manomi, a rubuta sharaɗi a takardar mallakar gonar a yi mata rajista, cewa ba za a yanka ta don gidaje ko shaguna ba har abada. Sharaɗin yana bin ƙasar ne, ba mutumin ba, ko an sayar ko an gada yana nan, kuma jami'ai suna zuwa lokaci-lokaci su duba. Ba a tilasta wa kowa, manomi ne yake neman shiga da kansa. Wani ya biya bashi da kuɗin, wani ya gina sabon garke, wani kuma ya sallami 'yan'uwansa magada don kada a raba gonar.

Gundumar ta kafa hukumarta ta adana gonaki a 1980. A 1987 masu zaɓe a Pennsylvania suka amince ta ƙuri'ar raba gardama jihar ta ci rancen dala miliyan 100 don wannan aiki, daga baya aka ware masa wani kaso na harajin taba sigari. A 1988 kuma aka kafa wata ƙungiya mai zaman kanta, Lancaster Farmland Trust, kuma dalilin amfaninta abin lura ne. Manoman Amish ba sa son karɓar kuɗi daga hannun gwamnati, amma suna iya zama da ƙungiyar sa-kai su yi magana. Da an dage sai ta ƙofar gwamnati kawai, da an rasa wani babban ɓangare na gonakin da suka fi kyau. Tsakanin hukumar da ƙungiyar, a 2013 Lancaster ta zama gunduma ta farko a Amurka da ta adana eka 100,000 ta wannan hanya. Akwai kuma dokokin jiha da ke tallafa wa tsarin, kamar ta 1974 da ta ce a sanya wa gona haraji bisa darajarta ta noma, wanda kuma ya juya ta zuwa gini ya biya rangwamen shekara bakwai da ya ci, da ta 1982 da ke kare manomi daga ƙarar maƙwabta a kan ayyukan noma na yau da kullum.

Yanzu ga tambayarka ta biyu, kuma a nan nake so ka fi mai da hankali. Eka 100,000 kashi ɗaya cikin shida ne kawai na gundumar, kuma babu gwamnatin da take da kuɗin sayen haƙƙin kowace gona. Idan ka tare gini a wani wuri ba ka buɗe masa wani ba, ko dai ya tsallake ya faɗa ƙauyen gaba, ko kuɗin gida ya gagari talaka, jama'a su juya wa tsarin baya. Don haka daga 1993 aka fara shata iyakar bunƙasa a kewayen birnin Lancaster da sauran garuruwa. Ana ƙiyasta mutanen da za su ƙaru a shekara 20, a auna filin da za su buƙata na gidaje da masana'antu da makarantu, a ja layi a taswira. A cikin layin ana maraba da gini. A bayansa ba a kai bututun ruwan famfo da na fitar da ƙazanta.

Wannan maganar bututu ita ce ainihin ƙarfin layin. Mai gini ba zai iya jera gidaje ɗaruruwa a inda kowane gida sai ya haƙa rijiyarsa da ramin shaddarsa ba, saboda haka duk inda bututu ya bi, nan gari zai bi. Hukumar da ta zana shiyyar noma a takarda, sannan ta bar sashen ayyuka ya ratsa ta da bututu da sabuwar kwalta, ta rushe tsarinta da hannunta. Tom Daniels, wanda ya shugabanci hukumar adana gonakin daga 1989 zuwa 1998 kafin ya koma koyarwa a jami'a, yana cikin waɗanda suka bi dabarar sayen haƙƙin gonakin da ke kan bakin layin. Da zarar an ɗaure waɗannan gonaki, layin ya daina zama zanen da za a goge, garin kuma dole ya nemi wata fuskar da aka tanadar masa.

Akwai wata hanya da ba ta cin kuɗin gwamnati sosai, wadda gundumar Montgomery ta jihar Maryland ta yi suna a kanta. A 1980 ta ware eka 93,000 don noma, ta rage izinin gini daga gida ɗaya a eka 5 zuwa ɗaya a eka 25, sannan ta ba masu gonakin takardun haƙƙi, ɗaya a kowace eka 5, su sayar wa masu gini. Wanda ya saya yana samun damar ƙara yawan gidaje a unguwannin da aka ware a cikin gari. Tsarin yana tafiya ne kawai idan masu gini suna da buƙatar takardun da gaske, in kuwa hukuma tana ba su ƙarin izini kyauta, takardar manomi ta zama banza.

Ba zan ɓoye maka inda Lancaster ta gaza ba. An kare bayan layi fiye da yadda aka cika cikinsa. Shekara da shekaru gidajen da ake ginawa a cikin iyakar suna cin fili fiye da yadda aka tsara, domin mazauna unguwanni da yawa suna son a adana gona amma ba sa son a gina gidajen haya ko benaye kusa da su. Tsarin gundumar na 2018 ya sa burin gidaje bakwai da rabi a kowace eka a yankunan birni, saboda an ga cewa idan aka ci gaba da warwatsa gini, filin cikin layi zai ƙare da wuri, a dawo ana neman a matsar da shi cikin gonaki. Haka nan adana gona ba shi ne adana ruwa ba. Takin dabbobi da zaizayar ƙasa daga gonakin gundumar suna gangarawa kogin Conestoga da na Susquehanna har su kai mashigin tekun Chesapeake, shi ya sa ake buƙatar gonar da aka adana ta kasance da tsarin kiyaye ƙasa da ruwa, ake kuma ƙarfafa manoma su katange bakin rafi daga shanu su dasa itatuwa a gaɓarsa.

Game da aikinka, Malam, sayen haƙƙin gini ba zai kwafu kai tsaye ba, domin Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa ƙasar kowace jiha a Najeriya a hannun gwamna, abin da mutum yake riƙe da shi haƙƙin zama ne, sannan yawancin gonakin karkara ba su da takardar da za a rubuta sharaɗi a kanta. Amma shata layi da sarrafa ayyukan gwamnati ba sa buƙatar wannan. Kana iya farawa da taswirar ƙaramar hukumarku, ka fitar da fadamu da gonakin da suka fi albarka da burtalai da mashayar dabbobi da hanyoyin ruwa, ka zauna da dagatai da masu unguwanni da manoma da makiyaya su tabbatar da iyakokin, tunda ta hannunsu cinikin fili yake bi. Sannan ka nuna fuskar da ƙasarta ba ta da ƙarfin noma, a yanka fulotai a can tun da wuri tare da tituna da magudanan ruwa da filin makaranta da na maƙabarta, a kuma roƙi masu aikin hanya da wuta da ruwa su fara kai aikinsu wannan fuskar kafin kowace.