Ga mai tambaya kan Hajiyarsu da ta fara ruɗewa

Assalamu alaikum. Ƙanwata, tun jiya da daddare na ga tambayarki, na bari sai da gari ya waye don amsar ba ta layi biyu ba ce. Kin ce Hajiyarku ta kai shekara 74, tana maimaita tambaya ɗaya sau goma, ta bar tukunya a wuta har ta ƙone, ta fara cewa matar yayanku na sace mata kuɗi, sannan makon jiya a bakin kasuwa aka tsinto ta ba ta san hanyar gida ba. Kawunnanku sun ce jifa ne, ke kuma kin rasa inda za ki nufa, asibiti ko wajen malamai.

Shekara shida Innarmu ta yi a ɗakina a Zariya da wannan ciwo kafin Allah ya karɓi abarsa. A cikin shidan nan, shekara ɗaya da rabi mun ɓata ta ne wajen neman wanda ya yi mata asiri. Rubutu, hayaƙi, turare, ruwan wanka a jarka, babu wanda ba mu saya ba. Ban raina addu'a ba, har ranar da ta cika muna tofa mata. Amma ran da wani mai magani ya ce a ɗaure ta a turke kwana uku wai aljanin ya ji jiki, ran nan yayanmu ya ce ya isa haka, gobe sai asibiti.

Ki kai ta, kada ki jira. Dalili shi ne ba duk ruɗewa ce ciwon mantuwa ba. Ƙarancin sinadarin B12 a jini yana kawo ta, raunin halittar nan ta maƙogwaro da ke kumbura ta zama maƙoƙo yana kawo ta, jini da ya kwanta a cikin kai bayan tsohuwa ta faɗi yana kawo ta, haka ma matsanancin baƙin ciki irin na wadda ta rasa miji. Waɗannan duk ana maganinsu, sau da yawa mutum ya dawo. Likitan da ya ga Inna ya ɗebi jini, ya tambaye ta wace rana ce, ya faɗa mata kalmomi uku ya ce ta riƙe masa. Da ya gane ba ta yi boko ba sai ya ce ta lissafo masa dabbobi. Ta ce akuya, tunkiya, sai ta tsaya ta juyo tana kallona. Matar da ta yi kiwo shekara arba'in.

Ban san garin da kike ba, amma akwai likitocin ƙwaƙwalwa a asibitin koyarwa na Malam Aminu Kano, da na Shika, akwai kuma asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa ta Kaduna, da Kware ta Sakkwato, da Maiduguri. Za a ce miki kin kai uwarki asibitin mahaukata. An faɗa mini, na toshe kunne. Kafin ku je ki rubuta abubuwan da ta yi da lokacin da suka fara, don a gaban likita za ta iya zama tsaf ta gaisa lafiya lau har ki zama kamar ke ce mai ƙarya. Duk maganin da take sha, har na gargajiya, ki zuba a leda ki tafi da shi.

In ta tabbata ciwon mantuwa ne, wanda likitoci ke kira dimenshiya, to ƙwayoyin ƙwaƙwalwa ne ke mutuwa a hankali. Mu muna cewa rikicin tsufa, amma ba tsufan ne kaɗai ba: kakarmu ta haura casa'in, kuma har ta rasu ta san wa take bi bashin naira nawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sama da mutum miliyan 55 a duniya ke ɗauke da shi, kuma kashi 60 zuwa 70 cikin ɗari nau'in Alzaima ne, wanda ya samo suna daga likitan Jamus da ya bayyana shi a 1906. Wani nau'in kuma daga toshewar ƙananan jijiyoyin jini yake, abokin tafiyar hawan jini da ciwon suga. Tunda kin ce Hajiya na da hawan jini, ki tsare maganinta da kanki, kada ki bar mata kwalin, don za ta sha sau uku ko ta ƙi sha sam. Shi kuwa ciwon mantuwar, akwai magunguna irin su donepezil da memantine. Ba sa warkarwa, suna ɗan riƙe mutum na wani lokaci, kuma na farkon ya sa Inna tashin zuciya da gudawa a makonnin farko. Likita ne zai ce a ba ta ko kada a ba ta, ba mai kemis ba.

Abin da ya fi cin raina, wanda kuma babu likitan da ya zaunar da ni ya koya mini, shi ne gardama. Ki daina gardama da ita.

Inna ta fara da cewa 'yata ta sace mata dubu biyar. Na rantse, yarinya ta rantse tana kuka, Inna ta ce mun haɗa baki. Bayan kwana huɗu na tsinci kuɗin a ƙulle cikin tsumma a ƙasan kwanon samira, inda ita da kanta ta ɓoye. Na kai mata da murna ina cewa ga shi, kin ga ba a sata ba. Ta ce ai da kuka ji kunya kuka mayar. Daga nan na gane ba a cin nasara a wannan shari'a. Ta ɓoye, ta manta ta ɓoye, ta duba babu, to a hankalinta me ya rage in ba sata ba? Sai na canza. In ta ce an sace, in ce subhanallahi, tashi mu duba. Na haddace maɓoyanta guda huɗu: samira, ƙarƙashin katifa, cikin matashi, da aljihun tsohuwar jakar Makka. Na kuma riƙa ajiye mata canji 'yan ɗari-ɗari a lalitarta don hannunta ya riƙa taɓa kuɗi. Ki zaunar da matar yayanku ki faɗa mata ita aka zarga ne don ita ce kusa, kuma ki faɗa a gaban dangi, don irin wannan zargi yana kashe aure.

Mafi ciwo shi ne maganar Malam, mahaifinmu, wanda ya riga ta rasuwa da shekara tara. Wata safiya ta ce a kai wa Malam kunu. Na ce Inna, ai Malam ya rasu. Ta zauna daɓas a ƙasa ta fasa kuka irin na ranar farko, tana cewa me ya sa aka ɓoye mata, wa ya yi masa wanka. Da la'asar ta manta, ta sake tambaya. Sau biyu na yi mata wannan ta'aziyya kafin na yi hankali. Daga baya in ta tambaya sai in ce Malam ba ya nan, Inna, da me kike haɗa masa kunun? Sai ta shiga labarin tsamiya da yadda ba ya son sukari. Ban yi ƙarya ba, ai ba ya nan ɗin.

Sai magariba. Da yawa daga cikin masu ciwon nan da rana ta yi ja suke birkicewa. Inna takan ƙulle zannuwanta ta ɗora a ka ta ce za ta gida, babanta zai yi faɗa. Gidan da take nufi na ƙauyensu ne, wanda ya rushe tun ina goye. In na tare ƙofa, faɗa ne har da cizo. In na ɗauki mayafi na ce mu je in raka ki, sai mu zaga bayan layi mu dawo, in ce mu ɗan huta a nan mu sha ruwa, shi ke nan an wuce wurin. Ki kunna fitila tun kafin duhu, ki rage hayaniyar yara da talabijin a lokacin, ki ba ta aikin hannu. Tsince wake ya cece ni ba sau ɗaya ba. Wani waken ma sau biyar ana tsince shi.

Maganar fita kuma kada ki ɗauke ta da wasa. Tsohuwa ce da zane a karkace, ba ta san sunan unguwarsu ba, tana surutai, a gari irin namu da yara ke bi da jifa suna kiran mayya. Na ɗinke lambar wayata a jikin kowane hijabinta, na sa sakata a can saman ƙofa inda idonta ba ya kaiwa, na bi maƙwabta da mai shago da masu babur na bakin layi na faɗa musu gaskiya. Ɓoyewar da muke yi don kunya ita ke jawo ɓata. Ki rufe rijiya da kwaɗo, ki kashe tukunyar gas daga kai, ki ɗauke fiya-fiya da kalanzir daga inda za ta ɗauka a zaton ruwa ne.

Salla ta dame ni sosai da farko. Takan yi azahar raka'a bakwai, ko ta sallame ta sake tayarwa. Malamin da na tambaya ya ce wanda hankalinsa ya gushe an ɗauke masa alƙalami, ya kuma karanto mini ayar Suratun Nahli da ke maganar wanda ake mayarwa mafi ƙasƙancin rayuwa har ya zama bai san komai ba bayan ya sani. Na bar ta tana yin yadda ta iya. Azumi kuwa da ta fara mantawa tana neman abinci da hantsi, ba mu hana ta ba. Abin mamaki, ta manta sunana amma Fatiha da Ƙulhuwallahu ba su taɓa kuɓuce mata ba.

In kika ga ta rikice fiye da kullum cikin kwana ɗaya ko biyu, tana ganin mutane a bango ko barci ya yi mata yawa, kada ki ce ciwon ne ya ƙaru. Sau uku hakan ta faru da mu: biyu ciwon mafitsara ne, ɗaya maleriya, kuma da aka yi magani ta koma yadda take. In kuwa baki ya karkace, ko hannu ya saki, ko magana ta sarƙe, wannan shanyewar ɓarin jiki ce, a mota za a sa ta nan take, ba a tsaya shafa man zaitun ba. Kuma don Allah kada wani ya ba ki baliyam, ƙwayar nan ta sa barci, ki ba ta don ku samu barci. Yana ƙara ruɗewa, yana kayar da tsofaffi, karayar ƙugu kuwa ita ke kwantar da su.

Mu takwas Inna ta haifa, amma shekara uku ni kaɗai ke tashin dare. Kowa sai ya bugo waya ya ce Allah ya ba da lada. Wata rana ta ɓata shimfiɗa karo na uku a dare ɗaya, na daka mata tsawa, ta ɗaga hannu ta kare fuskarta kamar yarinya. Na shiga banɗaki na yi kukan da ban yi ba ko a mutuwar Malam. Washegari na tara su. Muka yi jadawali: wannan kuɗin magani, wannan kuɗin famfas na manya, ƙannena mata biyu kowacce kwana biyu a mako, maza su kai ta asibiti. Ba a mayar da ita gida-gida ba, don sauyin wuri yana ƙara birkita su, masu jinyar ne ke zuwa. Ki yi wannan zama yanzu, tun Hajiya na iya faɗin inda takardun gida suke da wanda take bi bashi da wanda ke bin ta.

A shekarar ƙarshe Inna ta kwanta. Juyi duk bayan awa biyu saboda gyambon kwanciya, kunu mai kauri a cokali tana zaune a jingine don ruwa tsararo yana sarƙe ta. Ta daina kirana da sunana, sai Yaya, sunan da take kiran yayarta da ta rasu tun kafin a haife ni. Na amsa shi wata goma sha ɗaya.

Allah ya ba Hajiya sauƙi. In kun dawo daga asibitin ki faɗa mana abin da gwajin jinin ya nuna.